Jarin Kasada: Yadda Sabbin Kamfanonin Noma Ke Samun Babban Kuɗinsu Na Farko, Da Inda Abin Ya Shafe Mu

Da zarar ruwa ya fara janyewa daga fadama aka shiga shirin noman rani, a nan Guri sai ka fara ganin baƙi. Yawanci matasa ne, sanye da riga iri ɗaya mai tambarin kamfani, waya a hannu, suna neman shugaban ƙungiya ya tara musu jama'a. Za su rubuta sunanka, su ɗauki hotonka, su zagaya gonarka da waya su auna ta, sannan su ce za a kawo iri da taki bashi, ka biya da shanshera bayan girbi. Wasu suna cika alkawari, kuma manoma sun amfana da su. Wasu kuma daga ranar ba ka sake jin ɗuriyarsu.

Ni kaina abin ya taɓa ci na. Akwai shekarar da na taya wani kamfani rajistar ƙungiyoyi uku, ba zan faɗi sunansa ba. Mutane suka yi dashe suna jiran taki, lokacin zubin farko ya zo ya wuce, shiru. Sai daga baya wani ma'aikacinsu ya gaya mini gaskiya: kuɗin da za a sayi takin ba ya hannunsu tun farko, suna jiran wasu masu zuba jari ne su sa hannu, cinikin kuma bai faɗa ba. Su kamfanin suna birni. Ni ne nake haɗuwa da manoman a masallaci da kasuwa.

Tun daga nan na ga ya kamata mu san inda irin waɗannan kamfanoni ke samo kuɗi. Bayanin zai yi wa shugabannin ƙungiyoyi amfani kafin su miƙa sunayen mambobinsu, zai kuma yi wa matasanmu masu tunanin buɗe nasu kamfanin amfani.

Mene ne jarin kasada?

Idan ka je banki, bashi za a ba ka. Za a nemi jingina, a sa kuɗin ruwa, a sa wa'adi, ko ka ci riba ko ka faɗi sai ka biya. Jarin kasada ba haka yake ba. Mai wannan jari sayen wani kaso na kamfanin yake yi. Ya ba da kuɗi, ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin. In kamfanin ya mutu, kuɗinsa sun tafi, ba wanda zai kama. In ya bunƙasa, kasonsa ya yi daraja, ya sayar ya ci riba. Kusan kamar wanda ya saya maka saniya ka yi kiwo ne a kan za ku raba abin da ta haifa, sai dai shi wannan ba ɗan maraƙi ɗaya yake jira ba, garke yake so.

Dalili kuwa shi ne kuɗin ma ba nasa ba ne. Kamfanin jarin kasada asusu yake haɗawa daga wurin wasu: bankunan raya ƙasa, asusun fansho na ƙasashen waje, gidauniyoyi, da attajirai. Bisa al'ada asusun yana da wa'adin kamar shekara 10. Masu kula da shi suna ɗaukar kusan kashi 2 cikin 100 duk shekara kuɗin aiki, sannan kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu a ƙarshe. A shekarun farko suna zuba kuɗin a kamfanoni da yawa, sun kuma san da yawansu za su mutu, wasu su dawo da uwar kuɗi da ƙyar. Don haka dole ɗaya ko biyu su ninka kuɗin sau goma ko fiye, su rufe asarar sauran.

Wannan shi ne mabuɗin fahimtar halinsu. Sana'ar da ke kawo riba mai kyau amma ba ta girma da sauri, kamar injin casa guda ɗaya a gari, ba ta gabansu, ko da kuwa mai ita bai taɓa faɗuwa ba. Abin da suke nema shi ne kamfanin da bana yake da manoma dubu biyu, baɗi dubu goma, shekara ta gaba dubu hamsin. Kun ga ke nan abin da ya sa yaran nan masu riguna suke sauri wajen rubuta suna.

Kafin a kai ga manya

Ba wanda ke farawa da babban asusu. Kuɗin farko daga aljihun waɗanda suka kafa kamfanin yake fitowa, da na 'yan'uwa da abokai. Bayan nan sai ɗaiɗaikun masu hali da ke zuba nasu na kansu. Akwai kuma kyautar gasa da tallafin hukumomi, wanda ba a biya kuma ba a ba da kaso a kansa. Sai cibiyoyin renon kamfanoni, waɗanda ke horar da kai na 'yan watanni, su ba ka kuɗi kaɗan, su karɓi ɗan kaso, su haɗa ka da masu jari. Mafi shahara a cikinsu ita ce Y Combinator ta Amurka. A 2019 tana ba da dala dubu 150 a kan kashi 7 cikin 100, kuma a shekarar ne ta ɗauki ThriveAgric, kamfanin Abuja da Uka Eje da Ayodeji Arikawe suka kafa, wanda ke aiki da manoman Arewa.

Kuɗin wannan mataki su da kansu jarin iri suke kiransa, kuma sunan ya dace, don abin shukawa ne kawai. Farmcrowdy, wanda Onyeka Akumah da abokansa suka buɗe a 2016, ya shiga cibiyar Techstars ta birnin Atlanta a 2017, a ƙarshen shekarar ya sanar da samun jarin iri na dala miliyan 1. A wannan mataki sau da yawa ba a tsayawa yanke wa kamfani daraja, sai a yi amfani da wata gajeriyar yarjejeniya mai suna SAFE, wadda Y Combinator ta fito da ita a 2013: ka karɓi kuɗin yanzu, a mayar da su hannun jari ranar da babban mai jari ya shigo ya sa farashi.

Babban zagayen farko, wanda a takardunsu suke rubutawa Series A, shi ne ranar da wani asusu mai rajista ya yanke wa kamfanin farashi, ya sayi kaso mai kauri, ya kuma samu kujera a kwamitin daraktoci. Daga ranar mai kamfani ya daina yanke manyan shawarwari shi kaɗai.

Abin da mai jari ke son gani

A nan ne muka shigo. Wanda ke neman zagayen farko ba zai je da labari kawai ba, sai da hujja, kuma hujjar kamfanin noma ita ce manoma. Za a tambaye shi manoma nawa ya yi wa rajista, cikinsu nawa ne suka karɓi kaya da gaske, nawa suka biya, nawa suka dawo a kaka ta biyu. Za a tambaye shi nawa yake kashewa kafin ya samu manomi ɗaya, da mai da albashin ma'aikaci da komai, kuma nawa yake ci a kan kowane buhu bayan an cire dako, lodi, sito da asarar hanya. Za a so a ga wanda ke sayen amfanin, da takardar yarjejeniya da kamfanin casa ko na fulawa.

Gogaggen mai jari bai damu da yawan sunaye ba, biyan bashi da dawowar manomi yake dubawa. Amma ba duka ne gogaggu ba, kuma lamba mai girma tana da daɗin nunawa a taro. Shi ya sa wani kamfanin zai zo ya kwashi sunaye da hotuna alhali ba shi da buhun taki ko ɗaya a ƙasa. Sunayenku ne zai kai ya nemo kuɗin da su. Ba lallai ba ne yana da niyyar cuta, yana iya yiwuwa ya yi imani kuɗin za su zo. Sai dai shinkafa ba ta san wannan ba, in kwanakin zuba taki sun wuce sun wuce.

Ku riƙe wannan: ƙungiyar da ke da littafi mai tsabta, wadda za ta nuna shekara uku ko huɗu na karɓa da biya, tana riƙe da abin da kamfanin ke buƙata fiye da yadda yake nunawa. Kada ku ɗauka alfarma kawai ake yi muku.

Yadda cinikin ke tafiya

Mai kamfani yana shirya 'yar takardar gabatarwa mai shafi goma zuwa goma sha biyar: matsalar da yake warwarewa, girman kasuwa, lambobinsa, mutanensa, nawa yake nema, me zai yi da su. Da wuya a kula wanda ya aika saƙo haka kawai, yawanci sai wani da mai jarin ya yarda da shi ya gabatar da kai, kamar dai yadda baƙo ba ya samun bashi a kasuwar Hadejia sai da wanda ya tsaya masa. Zai yi magana da asusu da yawa, mafi yawansu su ce a'a, wasu ma ba za su ce komai ba, su bar shi yana jira.

Abin da yake farauta shi ne jagora, wato asusu ɗaya da zai sa kaso mafi tsoka, ya yanke farashi, ya rubuta sharuɗɗa. In an samu jagora sauran sai su biyo baya. Jagoran zai ba da takardar sharuɗɗa, gajeriya ce, shafuka kaɗan. To, a nan mutane ke ruɗewa. Wannan takarda ba kuɗi ba ce, yawancin abin da ke cikinta ma bai zama dole a kan mai jarin ba. Bayanta ne ake shiga binciken ƙwaƙwaf: lauyoyi da akantoci su duba rajista, haraji, asusun banki, basussuka, takardun fili, wani lokaci har a turo mutum gona ya tambayi manoma ko da gaske ana hulɗa da su. Sai an gama wannan a sa hannu a manyan takardu, sannan kuɗi su shigo, wani lokaci ma kashi-kashi, sai an cika wani sharaɗi a saki na gaba. Daga fara nema zuwa shigar kuɗi, wata shida ba abin mamaki ba ne, yana iya fin haka. Ina kyautata zaton kamfanin da na ba ku labarinsa a wannan tsakanin ya maƙale.

Bari mu yi lissafi da misali, lambobin nawa ne don a gane. A ce mutum biyu suka kafa kamfani. A matakin iri aka yi masa kima naira miliyan 200, wani ya zuba miliyan 50. Yanzu darajarsa miliyan 250 ke nan, mai jarin yana da kashi 20, su biyun suna da 80. Bayan shekara biyu babban asusu ya zo ya sayi kashi 20 na kamfanin. Kason kowa zai ragu: masu kafawa su koma 64, mai jarin iri ya koma 16. In aka ce a ware kashi 10 don manyan ma'aikata, wanda kusan kullum ana cewa, sai a sake raguwa. Kowane zagaye haka yake. Fatan dai shi ne ƙaramin kaso na babban abu ya fi dukkan ƙaramin abu.

Amma farashi ba shi ne ya fi cizo ba, sharuɗɗa ne. Akwai sharaɗin cewa in an sayar da kamfanin, mai jari ne zai fara cire kuɗinsa kafin kowa. A ce ya sa miliyan 100 a kan kashi 20, abubuwa ba su yi kyau ba aka sayar da kamfanin miliyan 150. Da kasonsa za a bi, miliyan 30 zai samu. Da wannan sharaɗi kuwa miliyan 100 zai ɗauka, sauran mutane su raba 50. Akwai sharaɗin cewa hannun jarin masu kafawa ba zai zama nasu gaba ɗaya ba sai sun yi shekara huɗu suna aiki, wanda ya tafi kafin shekara ɗaya ya tafi hannu rabbana. Akwai ikon hana cin babban bashi ko sayar da kamfani ba da yardar mai jari ba. Masu jarin waje da yawa kuma sukan nemi a yi wa uwar kamfanin rajista a jihar Delaware ta Amurka, na Najeriya ya zama reshe.

Ga masu tambaya ta fuskar addini: asalin sayen kaso a raba riba da asara ya yi kusa da musharaka, ba bashi mai ruwa ba ne. Amma wasu takardun matakin iri bashi ne mai kuɗin ruwa da ake juyawa ya zama hannun jari, kuma sharaɗin fara biyan wani abokin tarayya kafin saura abu ne da malaman fiƙihun kasuwanci ke da magana a kansa. Wannan ba fagena ba ne, a kai takardar gaban malamin da ya san harkar kafin a sa hannu.

Ta ina mai jari ke fita?

Ba rabon ribar shekara yake jira ba. Yana jiran ranar da wani babban kamfani zai saye wannan, ko wani asusun ya sayi kasonsa. Misalin da kowa ke bayarwa a Najeriya shi ne Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Legas: ya samu zagayen farko na dala miliyan 8 a 2018, a watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. A harkar noma irin wannan fita ba ta da yawa, shi ya sa kuɗin kasada suka fi kwarara wajen kamfanonin hada-hadar kuɗi.

Misalai biyu daga Arewa

Tomato Jos shi ne wanda na fi so matasanmu su duba, don ya nuna tsawon hanyar. Mira Mehta ta fara shi a 2014 da nufin sarrafa tumatirin gida ya zama na leda da gwangwani. An fara gwaji a Jihar Nasarawa, daga baya aka koma Kaduna, yankin dam ɗin Kangimi. Shekarun farko an yi su ne ana koyon noman kansa, yadda za a ɗaga yawan amfanin kadada, da yadda za a yi aiki da ƙananan manoman kewaye. Sai a watan Mayun 2020, kusan shekara shida da farawa, kamfanin ya rufe zagayen farko na yuro miliyan 3.9. Goodwell Investments ne ya jagoranta ta hannun abokin aikinsa Alitheia Capital, tare da Acumen Capital Partners da VestedWorld. Masana'antar kuma sai daga baya aka buɗe ta. Ku lura da irin waɗanda suka zuba kuɗin: asusu ne da ke neman riba tare da amfanin talaka, masu ɗan haƙuri. Irinsu ne suka fi shiga noma.

Na biyu yana kusa da mu. L&Z, kamfanin madara da yogot na Kano wanda Muhammad Damakka Abubakar ya kafa, ya sayar da kashi 25 cikin 100 ga asusun FAFIN a 2015. Sahel Capital ke kula da asusun, kuma cikin waɗanda suka fara zuba masa kuɗi akwai gwamnatin tarayya, bankin raya ƙasa na Jamus KfW, da hukumar NSIA. Shi L&Z ba sabon kamfanin fasaha ba ne, ya riga ya kafu yana ciniki, amma darasin ɗaya ne: ɗan kasuwar Arewa ya buɗe littattafansa ga baƙo, ya yarda a zauna da shi a kwamiti. Da yawa daga cikin attajiranmu a nan ne suke tsayawa, don ba sa son kowa ya san cikin asusunsu.

Akwai kuma darasin ThriveAgric. A farko kuɗin da yake ba manoma daga ɗaiɗaikun mutane yake tarawa ta intanet, a kan za a mayar musu da riba bayan girbi. A 2020, lokacin kullen korona, ya kasa biyansu a kan lokaci, aka yi ta ƙorafi, har aka kawo Adia Sowho ta riƙe shugabancin na wani lokaci. Kamfanin ya farfaɗo, a Maris 2022 ya sanar da samun dala miliyan 56.4. Amma wannan kusan duka bashi ne daga bankuna da cibiyoyi, ba sayar da kaso ba. Bambancin yana da muhimmanci a gare ku. Jarin kasada albashi da manhaja da motoci yake biya. Takin da ake raba wa dubban manoma kuwa yawanci da bashi ake sayensa, bashin nan kuma yana da ranar biya, shi ya sa kamfani ke matsa muku lamba da kaka. Bayan irin wannan rikici, a Janairun 2021 hukumar SEC ta fitar da ƙa'idojin tara kuɗin jama'a ta intanet.

Me ya sa ba su cika zuwa fadamarmu ba?

Ƙasa muna da ita, ruwa muna da shi, shinkafa da alkama da kifi da kayan lambu duk suna yi. Amma ku dubi abin da idon mai jari. Kuɗinsa dala ne, cinikin kamfanin naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da cinikinsa ya ninka biyu a wannan tsakanin, a lissafin dala baya ya ci. Na biyu, mai manhajar waya yana iya gwada abu yau ya ga sakamako jibi, mu kuwa gwaji ɗaya kaka guda ne, sau biyu a shekara in an haɗa da rani. Na uku shi ne wanda kuka fi ni sani. A 2022 ruwa ya shafe gonaki a Guri, Kirikasamma, Auyo da Kafin Hausa. A irin wannan shekara ba manomi ɗaya ne ke kasa biya ba, gari ne gaba ɗaya, rana ɗaya. Ga kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ga jan-baki. Kamfanin da duk manomansa ke bakin kogin Hadejia, mai jari zai tambaye shi inshora, zai tambaye shi ko yana da wasu manoman a tudu.

Wannan ba ya nufin ƙofa a rufe take. Yana nufin wanda zai nemi jari daga nan sai ya zo da amsar ambaliya a hannunsa tun kafin a tambaye shi.

Ƙungiyarmu za ta iya samun irin wannan jari?

Kai-tsaye, a'a. Ƙungiyar gama-kai ta mambobi ce, kowane mamba ƙuri'a ɗaya, ba a sayar wa baƙo kashi 20 nata. Abin da za ta iya shi ne ta kafa kamfani mai iyakantaccen alhaki a hukumar CAC, a ce na casa ko na tara amfani, ita ta riƙe hannun jari a ciki, a sayar wa wani sauran. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa rajista, har mutum ɗaya ma yana iya buɗe ƙaramin kamfani. Rajistar sunan kasuwanci kawai, wadda yawancin matasanmu ke yi saboda arha, ba ta da hannun jarin da za a sayar.

Ra'ayina dai, yawancin ƙungiyoyinmu ba jarin kasada suke buƙata ba. In burinku injin casa ne, ko sito, ko famfon sola, ku nemi tallafi, ko saye a biya sannu a hankali, ko bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, ko ku haɗa adashe mai ƙarfi. Wanda ya karɓi jarin kasada ya ɗauki alkawarin gudu, kuma ba kowace sana'a ce gudu ke yi wa kyau ba.

Ga matashin da yake ganin nasa tunanin zai iya kaiwa jihohi da yawa, akwai dokar sabbin kamfanonin fasaha da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022. Tana ba kamfanin da bai wuce shekara 10 ba damar samun shaidar hukuma da sassaucin haraji, hukumar NITDA ce sakatariyarta, wadda ɗan Hadejia, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya fara shugabanta a 2019. Amma shaida ba kuɗi ba ce. Abin da zai fara yi tun yau shi ne ya raba asusun kamfani da aljihunsa, ya rubuta yarjejeniya da abokin da suka fara tare tun ana shiri, ya kuma rubuta kowane buhu da ya shiga ya fita.

In sun zo neman sunayenku

Kada ku kore su, kada kuma ku yi saurin jera mutane. Shugaba da sakatare su zaunar da su, a kira malamin gona. A tambaye su lambar rajistarsu ta CAC, ana iya dubawa a waya nan take. Sannan a yi musu tambayar da ni ban yi ba a waccan shekarar: kuɗin kayan bana suna hannu, ko ana jiran wani ya sa hannu? In suka ce sun samu takardar sharuɗɗa, yanzu kun san ma'anarta. A tambaye su a wane sito takin yake, a tura mutum biyu su gani da idonsu.

A rubuta ranar da kaya za su iso, a kuma rubuta cewa in ranar ta wuce manomi ya fita daga alkawarin sayar musu, zai iya neman taki a wani wuri. A fayyace farashin da za a karɓi shanshera, na ranar girbi ne ko wanda aka yanke tun farko, da wane ma'auni, kilo ko buhu, kuma wa zai riƙe sikeli. A tambayi abin da zai faru in ruwa ya ci gona: an yafe, an ɗage zuwa rani, ko akwai inshora, in akwai wane kamfani ne, wa ke biyan kuɗinta. Ku nemi lambar wata ƙungiya da suka yi aiki da ita bara, ku kira da kanku.

Batun NIN da BVN kuma, tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, ba wanda ke da ikon karɓar bayananku ba tare da ya gaya muku abin da zai yi da su ba. Lambar sirri ta katin banki da lambar da ake turowa a waya ba a ba kowa, ko da rigar wane kamfani ya zo. A shekarar farko ku gwada su da mutum goma ko ashirin waɗanda ke da halin sayen taki da kansu in abin ya ƙi, sauran su jira a ga kaka. Kwafin takardar da aka sa wa hannu kuma ya kwana a akwatin sakatare, kada a bar shi a wayar ma'aikacin kamfani kaɗai.